Sandunan Auta

Ranar da aka sallamo Auta daga asibiti, ƙafarta cikin filasta tun daga gwiwa har yatsu, wata nas ta kawo sandunan dogarawa na ƙarfe, irin waɗanda ake sawa a hammata, ta ce a gwada mata. Kafinta, mahaifin yarinyar, ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Ta yi ƙaras-ƙaras. Ya leƙa ramukan da ke jere a jikinta, ya taɓa notin da ke rawa, sannan ya miƙa wa nas ɗin abinta da hannu biyu, cikin irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo.

"Mun gode, Sista. Za mu yi dabara a gida."

"Baban Auta, ka karɓa mana," matarsa ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Mene ne aibinsu?"

"Ba ki ji ƙara ba? 'Yata ce za ta riƙa yawo tana ƙara kamar tsohuwar amalanke?"

Wanda bai san Kafinta ba zai ce girman kai ne. Wanda ya san shi zai ce girman kai ne da ƙauna, an cuɗa su har ba sa rabuwa. Mutum ne da bai yarda da rata ba. In ya haɗa katako biyu, ya ga farce zai iya shiga tsakaninsu, sai ya wargaza ya sake, ko da mai kayan na tsaye a bakin shago yana duba agogo. A wurinsa abin da bai zauna daram ba, ba a gama shi ba.

Cikin 'ya'yansa kuwa Auta ce kaɗai ta gado wannan ciwon. Yayyenta duk sun watse, kowa da abin da ya sa gaba, babu wanda ya san bambancin katako mai kyau da na banza. Ita ce tun tana ƙarama take zama a kan bencinsa tana fere masa fensir, ita ce kuma yanzu take shekarar ƙarshe a kwaleji tana koyon zanen gine-gine. Jarrabawar fita tana tafe, babban zane ne da ake yi da hannu a kan allo, layi bayan layi. Ana cikin wannan shiri ne wani mai babur ya kwashe ta a ƙofar makaranta.

Kafinta ya ture duk wani aiki gefe. Ya zaɓo katakon da ya daɗe yana ɓoyo, wanda ya hana yaran shagonsa ko taɓawa. Ya tsayar da Auta a jikin bango da ƙafa ɗaya, ya ce ta miƙe sosai, ya auna daga ƙasa har cikin hammatarta, bai ƙara ba bai rage ba. Ya yanka, ya kankare, ya goge har katakon ya yi santsi, ya shafa masa man ƙyalli. Da ya gama sai ya ga saman ya yi tauri da yawa ga jikin 'ya mace, ya ɗora soso mai kauri ya lulluɓe da fata. Mariƙin hannun kuwa ya ɗan saukar da shi ƙasa, don a nan ya fi yi masa kyau a ido.

Da ta sa su, suka shige hammatarta cif, har kafaɗunta suka ɗan ɗaga.

"Yawwa! Kin gani ko? Ko takarda ba za ta shiga ba. Saki jikinki a kai, ki kwanta musu gaba ɗaya. Ni ma za su ɗauke ni, balle ke."

Ta taka, ta sake takawa, babu ko ƙis. Bakin Kafinta har kunne.

Gaskiya sandunan sun yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In Auta ta dawo daga makaranta ta biyo ta gaban shago, sai ya ajiye zarto ya kira ta. "Zo, zo ki ɗan taka su gani." Mai walda na gefe ya gani, direban da ke kawo katako ya gani, har wata mata da ta zo gyaran kujera sai da aka nuna mata. Auta takan yi murmushi ta je ta dawo. Makarantar tasu kuma ba ƙarama ba ce, daga ƙofa zuwa ɗakin zane tafiya ce mai tsawo, ga matakala, kullum safe da yamma.

Fensir ne ya fara faɗuwa. Tana zane a tsakar ɗaki sai ya sulluɓe, ta ɗauka, ya sake sulluɓewa. Uwar ta ce gajiya ce, karatu ya yi yawa. Bayan 'yan kwanaki kofin shayi ya kife mata a cinya. Sannan wata safiya Kafinta yana ɗaura agogo zai fita, ya ji muryar matarsa daga ɗakin Auta, muryar da bai taɓa jin irinta ba.

"Baban Auta! Zo ka gani!"

Auta na zaune a bakin gado ta miƙa hannunta na dama. Daga tsintsiyar hannu zuwa yatsu ya langaɓe, yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma a kan igiya.

"Ɗaga shi," ya ce.

"Baba, ina ɗagawa."

"Ɗaga mana!"

"Wallahi ina ɗagawa, shi ne ba ya ji."

Ya kama hannun ya miƙar da shi, ya saki. Ya faɗi. Ya sake miƙarwa, ya sake saki, kamar yana gwada ƙofar da ta ƙi zama. Gabansa ya yanke ya faɗi, don ya taɓa ganin hannu ya yi haka. Mahaifinsa ne, shekarun baya, kuma bai sake tashi daga wannan kwanciyar ba.

Kafin rana ta yi tsaka yayarsa, wadda yaran ke kira Gwaggo, ta iso gidan. Ita Gwaggo ba ta shiga gida da sallama kaɗai, sai da hukunci. Ta dubi hannun sau ɗaya ta tafa hannu.

"Shi ne. Irin na Baba ne sak. Shanyewar ɓarin jiki, ai a jininmu yake."

"Haba Yaya, yarinya ƙarama?"

"Ciwo yana tambayar shekaru ne? Ka tsaya nan kana haba Yaya. A nemo man zafi a murza, a gasa da ruwan ɗumi, kada ya sauka ƙafa."

Aka murza, aka gasa, hannu dai yana nan yadda yake. Likitan asibitin unguwa ya auna jininta ya ce lafiya lau, ya leƙa idonta, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, sai babban asibiti wurin likitan jijiyoyi. Can kuma aka ce ba a ganin likitar sai ranar da take zama, su dawo mako mai zuwa.

Wannan makon Kafinta ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je shago ya buɗe, ya ɗauki guduma, ya manta abin da zai buga. Ya dawo gida ya leƙa ɗakin Auta, ya koma shago. Ya yanka katakon wani teburi ya gajarce, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki, ya tsaya yana kallon guntun kamar wani ne ya yanka. Abinci in an ajiye masa sai ya yi loma biyu ya ture. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: hannun dama ne, hannun da take zane da shi. Ita kuwa Auta ba ta daina zuwa makaranta ba. Tunda hannun ba ya riƙe mariƙin sosai, sai ta ƙara sakin nauyinta duka a hammata, shi da kansa yake gyara mata zaman sandunan kafin ta fita.

Ranar ganin likita, tun daga ƙofar asibiti wani ma'aikaci ya kawo keken marasa lafiya ya ɗora ta. Kafinta ya saɓa sandunan a kafaɗa yana biye. Suka zauna a dogon benci cikin warin maganin goge ƙasa, ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya karanta duk takardun da ke manne a bango, har da na masu ciki. Da aka kira su sai aka ce ɗakin ƙarami ne, mutum ɗaya kawai zai bi ta. Ya jingina sandunan kusa da matarsa ya tura keken ciki.

Likitar mace ce, ba ta da tsawo, gilashinta a kan goshi, maganarta gajeriya. Ta sa Auta ta yi murmushi, ta fito da harshe, ta rufe ido da ƙarfi, ta ɗaga gira. Kafinta ya ji kamar ya ce mata ba fuska suka kawo ba. Ta ƙwanƙwasa gwiwar lafiyayyar ƙafar da 'yar gudumar roba. Sai daga baya ta zo kan hannun. Ta sa ta matse mata yatsu, ta matse. Ta sa ta ɗaga tsintsiyar hannu, shiru. Ta lanƙwasa mata gwiwar hannu ta ce ta ture ta, Auta ta yi iya yinta, hannun yana rawa, bai tura komai ba. Ta ɗauko wani abu mai tsini tana taɓa fatar, nan da can.

"Nan fa?"

"Ina ji."

"Nan?" Ta taɓa bayan hannu, gindin babban yatsa.

"Kamar ta kan riga."

Ta gwada na hagu. A daidai wurin nan Auta ta ce shi ma ji take kamar kiyashi na bi.

"Baba, kwantar da hankalinka ta ɓangare ɗaya," likitar ta ce. "Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau."

Kafinta ya sauke wani numfashi da ya yi mako yana riƙe da shi.

"Akwai wata jijiya, ba ta jini ba, ta kai saƙo, kamar wayar lantarki. Daga wuya take saukowa, ta bi ta hammata, ta zagaya bayan damtse, ta sauka har bayan hannu. Ita ke cewa hannu ya ɗaga. Wani abu ya danne ta, kuma can sama ya danne ta, tunda har gwiwar hannun ta yi rauni." Ta juya wurin Auta. "Kin yi barci a kujera kin rataya hannu a bayanta?"

"A'a."

"An yi miki allura a damtse? Kafaɗar ta bugu ranar haɗarin?"

"A'a, ƙafa ce kawai."

Likitar ta dubi filastar, ta dubi keken. "A gida da me kike tafiya?"

"Da sanduna," Kafinta ya karɓe, har muryarsa ta ɗan tashi. "Suna waje. Ni na yi mata su da hannuna."

"Kawo su."

Ya shigo da su yana share ƙurar da babu a jikinsu. Ko a wannan halin, Allah ya sani, sai da ya saci kallon fuskar likitar ya ga ko za ta yaba. Aka tayar da Auta ta sa su. Suka shige cif, kafaɗu suka ɗaga. Likitar ta zo ta gwada cusa yatsunta tsakanin fatar sandan da hammatar yarinyar. Ko ɗaya bai shiga ba.

"Ai ba zai shiga ba," Kafinta ya ce. "Daidai na auna."

Likitar ta sauko da gilashinta kan hanci ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, aikin ya yi kyau. Amma wannan sandar ba a yin ta daidai. Dole a bar rata, yatsu biyu ko uku, tsakaninta da hammata. Ba hammata ke ɗaukar mutum ba, tafin hannu ne, shi ya sa mariƙin yake zama sama, daidai ƙugu. Na ƙarfen nan da kake gani da ramuka, don a daidaita wa kowa nasa ne. Duk takun da ta yi, nauyinta a kan jijiyar nan yake sauka."

Kafinta ya dubi sandunan, ga ƙyalli, ga ɗinkin fatar da ya yi da kansa a jere. Ya tuna muryarsa yana cewa ki kwanta musu gaba ɗaya. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci ɗaya, ya rasa wanda ya fi zafi.

"Zai dawo?" ya tambaya.

"Sau da yawa yana dawowa. In bawon jijiyar kawai ya murju, 'yan makonni ne. In cikinta ya taɓu, sai ta sake tsirowa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, watanni. In kuma muka jira ba mu ga alama ba, sai mu yi maganar aiki. Yau ba zan yi maka alkawarin da ban tabbatar ba."

Aka kai Auta wani ɗaki aka manna mata wayoyi a hannu, ana ɗan ja mata lantarki tana zabura. Aka ɗaura mata wata roba mai tallafe tsintsiyar hannu don kada ya sandare a langaɓe. Aka rubuta musu zuwa sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi. Sanduna kuwa an hana, sai keke har a cire filasta.

Suka kama hanyar gida. Matarsa ta ji komai daga bakin Auta, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Gwaggo ce dai da ta ji labari ta ce, "To, ni dama tun farko ban yarda da sandunan nan ba," ita da ta ce a yi mata irinsu ta ajiye saboda tsufa.

Aka cire filasta. Ƙafar da aka yi sandunan dominta ta warke sarai, Auta ta koma takawa kamar ba ta taɓa karyewa ba. Kiyashin hannun hagu ma ya tafi. Na dama ne ya ƙi.

Kafinta ya zama abin tausayi, ya kuma zama fitina. Da safe kafin gaisuwa sai ya ce, "Ya motsa?" Da rana ya baro shago ya zo ya ce, "Gwada mu gani." In tana cin abinci da hagu, idonsa na kan dama. Shi ke kai ta wurin gashi, ya tsaya a kan mai gashin yana tambaya har sai da matar ta roƙe shi ya jira a waje. A wajen ma ba zama yake ba, ya kai ƙarshen baranda ya dawo, ya sake kaiwa. Ya koyi motsin da ake yi mata, yana yi mata a gida, yatsa bayan yatsa, da hannunsa mai kaushi yana lallaɓawa kamar zai fashe. Aiki ya taru a shago, masu kaya suna zuwa suna komawa.

"Baban Auta, ka bar yarinyar nan ta sha iska," matarsa ta ce wata rana a kicin. "Kullum ya motsa, ya motsa. Kana tsammani in ya motsa ɓoye maka za ta yi?"

"Tambaya kawai na yi."

"Tambayarka ta fi ciwon nauyi. Duk safiya sai ta ce maka a'a, ka san abin da hakan ke yi mata?"

Ya yi shiru kwana ɗaya. Washegari ya tambaya da ido.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Makaranta ta yarda Auta ta zauna tare da 'yan baya, in hannun ya yarda. Ranar da abokan karatunta suka shiga ɗakin zane, ta wanke kayanta da hannu ɗaya, ta share ɗakinta, ta juya allon zanenta ya fuskanci bango. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kafinta ya so ta yi, ya so ta yi masa tsawa, ta ce Baba ka cuce ni. Haƙurin nata ne ya hana shi sakat.

Ranar da za su koma wurin likita, suna zaune a dogon bencin nan, shi yana karkaɗa ƙafa har bencin yana rawa. Can ya kasa riƙewa.

"Abin da ban gane ba," ya ce, idonsa a ƙasa, "yadda abu zai danne mutum haka bai ji ba. Da ma yana zafi, ai da mun sani da wuri."

Auta ta daɗe tana wasa da igiyar robar hannunta.

"Yana yi, Baba."

Ya ɗago.

"Tun makon farko. In na kai ɗakin zane hannuwana duk sun sage, sai na yi ta yarfewa kafin in iya riƙe fensir. Hammatar har ta yi ja."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na zo zan faɗa. Ranar na tsaya a shago, sai ka ce zo ki taka su gani." Ta yi ɗan murmushi, idonta ya ciko. "Rabon da in ga kana dariya haka tun kafin yayyena su bar gida. Na ce bari in daure, ai saura kaɗan a cire filastar."

Kafinta ya tuna ta tana zuwa tana dawowa a gaban shago, ya tuna mai walda, ya tuna matar kujera. Ya nemi fuskar Auta a cikin tunanin nan bai same ta ba. Sandunan kawai yake gani, don su yake kallo.

Aka kira su.

Likitar ta cire robar, ta sa ta ɗaga hannu. Bai ɗaga ba.

"Ido ba ya gani da wuri," likitar ta ce. "Yau da allura za mu tambayi naman da kansa. Siririya ce, amma ba zan ɓoye miki ba, da zafi, musamman in kina yunƙuri. In jijiyar ta fara isowa, na'urar za ta yi ƙara. In ba ta iso ba, shiru za mu ji, sai mu zauna mu yi maganar aiki."

Aka kwantar da Auta. Likitar ta goge bayan damtsen da auduga, ta soka masa allurar mai haɗe da waya. Auta ta ja iska ta haƙori.

"Ture hannuna."

Na'urar ta ɗauki ƙara, tas-tas-tas, kamar an zuba albasa a mai. Likitar ta gyaɗa kai. "Wannan na sama ya samu. Amma ba shi muke nema ba." Ta zare, ta sauko ƙasa da gwiwar hannu, inda naman da ke ɗaga tsintsiyar hannu yake, ta sake sokawa.

"Yanzu ɗaga. Kada ki kalli hannun, ke dai ki ɗaga."

Shiru. Sai hucin na'ura kawai. Kafinta ya riƙe ƙarfen gadon.

Likitar ta ɗan juya allurar a cikin naman. "Sake. Da ƙarfi."

Shiru. Sannan, can ƙasa-ƙasa, tas. Sai kuma tas, tas.

Hannun yana kwance bai ko motsa ba. Amma likitar ta ɗora gilashinta a goshi, karo na farko suka ga haƙoranta.

"Ka ji, Baba? Ta iso. Kaɗan ce, amma ta iso. Babu maganar aiki. Watanni ne a gabanku, gashi ba fashi, amma hannun nan zai riƙe fensir."

Kafinta ya matso, ya sunkuyar da kunnensa kusa da na'urar. Watanni yana jiran wannan, ga shi ya zo ya wuce kafin ya riƙe shi da kyau.

"Likita, don Allah a sake. Ban ji sosai ba. Sau ɗaya kawai."

Likitar ta dubi Auta. Auta ta ce, "Ba komai, a sake," ta ja numfashi ta fara yunƙuri.

Ya juyo zai ce mata yawwa, da ƙarfi, sai idonsa ya sauka a kan fuskarta. Ta cije leɓe har ya yi fari. Gumi ya tsattsafo a goshinta, hawaye ya gangara ta gefen ido ya shige kunne, hannunta na hagu ya damƙe zanin gadon. Kuma tana ƙoƙarin yi masa murmushi.

"Tsaya," ya ce. "Likita, cire mata."

"Baba, ai ba ka ji ba."

"Cire mata. Yana mata zafi."